Kiɗa Mai Ɗingishi

Ranar da makaɗan Parno suka saki sabon faifansu, Kalin yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar tasi a garejin da yake aiki, bayan dogayen benayen unguwar Trakiya. Ya cusa abin sauraro a kunne ɗaya, ya bar ɗayan saboda kiran maigida. Kiɗan ya fara yadda aka saba, dum, dum, dum, dum, kamar ana dukan bututun ƙarfe da guduma. Can a tsakiya sai bugun ya yi tuntuɓe. Ya koma gajere, gajere, dogo. Kafin Kalin ya gama mamaki, algaita ta ɓullo ta saman ƙarar injin, siririya mai tsiwa, ta ratsa masa kai.

Ya jawo jikinsa waje, ya zauna a kan taya. Ƙafarsa ta dama tana bin kiɗan ba da izininsa ba. Ya ɗora sifana a kan gwiwar, ya danne.

Parno mutum biyu ne, Yavor da Nevena. Sun fara kiɗa ne a ɗakin ƙasa na wata masaƙa da aka daɗe da rufewa, inda tsatsa ta cinye tukunyar ɗumama ginin. Rami ake ce wa wurin. Waɗanda suka fara zuwa tun ana zaro wuta daga fitilar titi su ne 'yan Rami, kuma har yau baƙar riga suke sawa, ba sa murmushi a hoto. Kalin da abokinsa Dobrin suna cikin na farkon farko. Su suka ɗauki lasifika a kafaɗa suka sauka da ita matakala, su suka share kashin tattabaru. A Rami ba waƙa, ba baiti, ba wanda ke riƙe hannun wani. Kowa da inuwarsa yake rawa, ido a rufe. Abin da ya kai Kalin can ke nan.

Domin mahaifinsa, Asen, mai algaita ne. Tun Kalin bai iya ɗaura takalmi ba ake jansa biki ƙauye ƙauye, ya yi barci a kan kujeru biyu da aka haɗa, bugaggu suna tsallake shi. Da ya bar makaranta uban ya miƙa masa ganga, shi kuma ya ajiye ta a bakin ƙofa ya fita. Duk 'yan Rami ba wanda ya san wannan sai Dobrin, don bene ɗaya suka tashi. Wata rana wani ya tambayi Kalin sana'ar ubansa, Dobrin ya riga shi amsawa: "Rawa ka zo yi ko ƙidayar jama'a?" Daga nan ba a sake tambaya ba. Su biyun ba su taɓa zancen ba, ko sau ɗaya, amma a kan wannan shirun abotarsu take zaune.

Washegarin fitar faifan da safe suka haɗu a tagar mai banitsa, wainar fulawa da cuku, a tashar bas. Dobrin aski yake yi a tsakiyar gari, kullum gemunsa kamar an auna da rula. Bilyana, ƙawarsu tun zamanin Rami, tana tare da shi, ta taso daga aikin asibiti, idonta ja.

"Ka ji?" in ji Dobrin.

"Na ji."

"To?"

"To me?"

"Maina, abokina, kar ka raina min hankali. Calga ce. Calga aka jona wa wutar lantarki."

Ya faɗi kalmar calga kamar ya tsinci gashi a abinci. A bakin 'yan Rami ba zagin da ya kai ta. Kiɗan 'yan tasi ne da masu sarƙar zinare a wuya, kiɗan gidan biki da unguwar da bas ba ya son tsayawa.

"Ni dai kiɗa na ukun ya yi min daɗi," Bilyana ta ce, bakinta cike.

"Ke ai ko firji ne ya yi ƙara daɗi yake miki."

"Firjin ya fi ka sabon abu. Shekara nawa kana kaɗa kai ɗaya kamar jakin niƙa?"

"Jakin bai sayar da kansa ba dai." Ya juyo wajen Kalin. "Kai ka yi shiru."

Kalin ya kurɓi boza, kunun nan mai tsami, ya goge baki da bayan hannu. "Ban gama saurara ba."

"Me za ka gama? Tun minti na biyu na ji warin gasasshen rago."

Kalin ya yi dariya, don an saba ya yi. Dobrin ya ɗan daɗe yana kallonsa, sannan ya kau da kai ya jefa wa tattabaru ɓawon banitsa.

Cikin 'yan makonni garin ya rabu. Aka kankare tambarin Parno daga gilasan motoci. Wani ya ɗauki hoton kansa yana fasa tsohon faifansu a kan dutsen titi, wasu suka taru a ƙarƙashin hoton suna zagin iyayen juna. Mashayar da 'yan Rami ke zama ta liƙa takarda a ƙofa cewa ba a sa kiɗan biki a nan. A ɗaya ɓangaren kuwa mutanen da ba su taɓa jin sunan Rami ba suka shigo da ƙarfinsu: 'yan matan kanti, yaran kasuwar kayan lambu, matan aure masu kai yara makaranta. Wani direban tasi mai tumbi ya shigo gareji kiɗan na tashi daga motarsa, ya ce wa Kalin, "Ka san waɗannan yaran? 'Yata ce ta sa min. Wallahi sun iya." Kalin ya ji kamar an shiga ɗakinsa da takalmi. A lokaci guda kuma ya ji yana son ya ce wa mutumin shi ya ɗauki lasifikarsu ta farko. Ya dai canza masa mai.

Shi kuwa kullum sai ya saurara. A bas, a wanka, a ƙarƙashin mota. Idan Dobrin ya kira sai ya kashe kafin ya ɗauka, kamar kiɗan zai bi ta waya.

Ranar Lahadi ya je cin abincin rana gidan ubansa. Asen yana zaune da singileti a kicin, yana jiƙa bakin algaita a ƙaramin kofi, miyar wake tana tafasa. Kalin bai shirya ba, hannunsa ne kawai ya ajiye wayar a kan tebur ya danna.

Tsohon ya saurara, kai a sunkuye. Da bugun ya fara ɗingishi ya ɗaga gira. Da algaitar ta shigo sai kafaɗunsa suka fara rawa, Kalin ya ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

"Waɗannan ne mutanen naka na rami?"

"Su ne, baba."

"Waɗanda ka ajiye min ganga a bakin ƙofa saboda su?"

"Eh."

"To ga shi ta biyo ka har ƙasa." Ya share hawayen dariya da singiletinsa. "Mai busar numfashinsa gajere ne. Amma ba ya jin tsoro, na ba shi wannan. Sake sa min."

Kalin ya sake sawa. Suka ci wake, cokalin uban yana buga gefen kwano, gajere, gajere, dogo.

A farkon zafi aka sanar Parno za su yi wasa a gida, a filin da ke bakin tafkin tseren kwalekwale, da la'asar, ƙofa a buɗe ga kowa har da yara. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa 'yan Rami rai. Dobrin ya tara su a shagon askinsa bayan an tashi, ya tsaya a gaban madubi kamar mai jan sallah.

"A garin Varna 'yan'uwanmu sun juya musu baya, masu gadi suka riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya kamar gashin hanci. Mu ba za a zare mu ba. Za mu jeru a gaban dandamali. Da algaita ta fito, kowa ya juya baya, ya kama bel ɗin na damansa da na hagunsa. Ba ihu, ba jifa. Mu tsaya kamar katanga har su ji kunya."

"Idan wandon mutum roba ce fa?" wani ya tambaya.

"Ya ari bel ɗin uwarsa."

Aka yi dariya. Bilyana tana zaune a kujerar aski tana jujjuyawa. "Ni ban da ni," ta ce. "Ban sayi tikiti don in kalli bayan gari ba."

"Ba wanda ya sa da ke." Dobrin ya nuna Kalin da tsinin almakashi. "Kai ne a ƙarshen dama, wajen masu gadi. Kai ka fi kowa ƙashi. Ni ina kusa da kai."

"Me ya sa ni?"

"Don na san ba za ka motsa ba." Ya faɗe ta a hankali, yana kallonsa ta madubi. "Ko za ka motsa, maina?"

Kalin ya ji duk idanun a bayan wuyansa. Ya san tambayar ba ta tsayuwa ba ce, kuma ya san abin da Dobrin ke riƙe da shi a bayan haƙori.

"Zan zo," ya ce.

Ranar wasan rana ta buɗe sosai. Hayaƙin gasasshen nama ya kwanta a kan ruwa. Filin ya cika da irin mutanen da Rami bai taɓa gani ba: kakanni da kujerun ninkewa, jarirai a keke, samari masu farin takalmi da gashi mai sheƙi, 'yan mata suna ɓare 'ya'yan furen rana suna tofar da ɓawo. 'Yan Rami suka ratsa ta tsakiyarsu cikin baƙaƙen riguna, gumi na tsiyaya, suka jeru a gaban shingen ƙarfe.

Yavor da Nevena suka hau. Yavor ya yi ƙiba. Nevena ta aske kanta kamar da. Ta hango baƙaƙen rigunan, ta ɗaga musu hannu, ba wanda ya mayar. A gefensu wani siririn saurayi yana tsaye da algaita a hannu, yana share tafinsa a wando.

Suka fara da tsohon kiɗa. Dum, dum, dum, dum. Ya shiga ƙirjin Kalin ya zauna inda ya saba zama. Layin baƙaƙen riguna ya fara kaɗa kai, har Dobrin ya lumshe ido. Kakannin suka dubi juna, wata ta toshe kunnen jikanta. Kalin ya yi fatan a tsaya a haka har a tashi.

Sai bugun ya yi tuntuɓe. Saurayin ya ɗaga algaita.

"Yanzu," in ji Dobrin.

Suka juya gaba ɗaya. Hannuwa suka sarƙe, kowa ya cusa yatsu a bel ɗin maƙwabcinsa. Kalin ya kama na Dobrin da hagu, ya ji yatsun Dobrin sun shige nasa sun damƙe. Hannunsa na dama ya rage a sake, don ba kowa a wannan gefen.

A nan ne ya gani. Mutane a jere, hannu a bel, fuska ga jama'a, kiɗa yana ɗingishi a bayansu. Ba yaron da ya yi firamare a ƙasar nan da ba a tsayar da shi haka a farfajiyar makaranta ba. Ba bikin da ake tashi ba a yi wannan jerin ba. Rawar layi ce tsaf, ba abin da ya rage sai taku. Kuma na ƙarshen dama, mai hannu ɗaya a sake, shi ne mai jan layi. Dobrin ya shekara goma yana gudun gidan biki har ya manta kamanninsa, ya zo ya gina shi da hannunsa.

Jama'a ma sun gani. Wata tsohuwa mai jan gashi ta miƙe daga kujerarta, ta miƙa wa wani jakarta. Samarin masu farin takalmi suka fara tafi. Wani ya yi fito. Duk suna jira ne a fara.

"Me suke wa murna?" Dobrin ya ce ta gefen baki.

"Dubi yadda muke tsaye."

Dobrin ya duba dama, ya duba hagu. Kalin ya ga lokacin da abin ya faɗo masa, wuyansa ya yi ja har kunne.

"Kar ka kuskura."

"Kai ka sa ni a nan."

"Kalin. Na rantse da kabarin uwata, idan ka ɗaga ƙafar nan zan faɗa. A gaban kowa."

Algaitar ta hau sama ta tsaya a kan murya ɗaya, tana rawa kamar waya a iska. Numfashin yaron gajere ne, gaskiyar tsohon. Kalin ya ji yana ƙirga masa, yana jiran inda zai faɗo. Ƙafarsa tana neman tashi, yana danne ta. Ya tuna shekarun da ya yi yana rage murya idan an zo zancen gida, yana sauka daga bas tasha ɗaya kafin tasu. Ya gaji. Gajiyar ta zo masa gaba ɗaya, kamar an ɗora masa injin mota a kafaɗa.

Algaitar ta faɗo. Kalin ya ɗaga hannun dama sama, ya taka zuwa dama.

Layin da aka ɗaure da bel ba ya da zaɓi. Dobrin ya biyo shi don kar ya faɗi, na bayansa ya biyo Dobrin, haka har ƙarshe. Taku na farko tuntuɓe ne. Na biyu ma haka. A na uku ƙafafun suka tuna abin da kawunan suka rantse sun manta. Wani dogo mai zanen ƙwarangwal a wuya yana zagi da baki, ƙafafunsa kuwa suna tsallake daidai kamar na ƙwararren ɗan rawar gargajiya. Tsohuwar mai jan gashi ta kama bel ɗin na ƙarshen hagu, 'yan matan suka kama nata, sai ga layi ya yi tsawo ya lanƙwasa ya bi bakin ruwa. Bilyana ta kutsa tsakiya tana dariya har tana tari. A kan dandamali Nevena ta danna wani abu, kiɗan da ya kamata ya ƙare ya sake komawa farko.

Ba duka suka bi ba. Wasu suka fizge hannu suka fice, fuska a murtuke. Wani ya tofa yawu a ƙasa. Dobrin ya yi taku kaɗan, daidai kuwa, ba kuskure, sannan ya fizge da ƙarfin da ya tsinke bel ɗin Kalin daga maƙullinsa. Ya bangaje mutane ya nufi ƙofa. Gurbin da ya bari bai daɗe ba, wani mutum mai warin albasa ya matso ya kama Kalin ta aljihu.

Kalin ya ja layin har kiɗan ya mutu. Ya zagaya da su bayan masu gasa nama, ya ratsa tsakanin kekunan jarirai, ya dawo gaban dandamali. Da aka tsaya, rigarsa ta manne a jiki, maƙogwaronsa ya bushe. Mutumin mai warin albasa ya sumbace shi a kumatu biyu. Kalin ya zame, ya nufi ƙofa, hannu ɗaya riƙe da wando.

Suna nan a waje, a inuwar bishiya kusa da wurin ajiye kekuna. Waɗanda suka fice ne, da wasu da suka yi rawar suka dawo suna kallon ƙasa. Dobrin yana tsakiya da sigari. Da ya ga Kalin ya jefar da ita.

"Ga shi nan. Ku tambaye shi inda ya iya jan layi." Ya nuna shi da yatsa. "Ubansa mai algaita ne. Asen na gidan biki, wanda ake liƙa wa kuɗi a goshi. A cikin calga aka haife shi, a cikinta aka yi masa wanka. Shekara da shekaru ina rufa masa asiri."

Kalin ya jira ya ji abin da ya daɗe yana tsoro, ya ji ƙasa ta buɗe. Ba abin da ya buɗe. Ƙishirwa kawai yake ji.

"Ɗaga murya, maina," ya ce. "Na baya ba su ji ba."

"Ba ka da kunya."

"Asen, hawa na shida, ƙofar hagu. Idan ɗayanku zai yi aure ya zo da wuri, rani cike yake." Ya dubi dogon mai zanen ƙwarangwal. "Kai kuma ƙafarka ta hagu tana saurin shiga. Ban da haka ba laifi."

Wani ya yi dariya ta hanci, ya mayar da ita tari. Dogon ya kau da kai. Dobrin bai yi dariya ba. Ya matso har Kalin yana jin ƙamshin man gemunsa.

"Kar ka sake zuwa shagona."

"To."

"Da gaske nake."

"Na sani."

Suka tsaya haka. Kalin ya so ya ce masa wani abu game da matakalar beninsu, ko game da ranar da suka sauke lasifika ta kusa karya musu baya. Ya ga ba amfani, kuma ba ya jin ba da haƙuri. Dobrin ne ya fara juyawa. Ya kwance kekensa, ya tura shi da hannu bai hau ba, mutum huɗu ko biyar suka bi shi. Sauran suka tsaya suna duba waya, ba su tafi ba, ba su kuma koma ciki ba.

Daga filin aka sake jin injin ya tashi, dum, dum, dum, dum, jama'a suna ihu suna jiran inda zai yi tuntuɓe. Kalin ya je wajen mai gasa nama ya roƙi igiyar buhun gawayi. Ya zura ta a wando, ya ƙulla gam, ya yi tsalle sau biyu ya ga ta riƙe. Mai gadin ƙofa ya nemi ganin tambarin shiga da aka buga masa a hannu, gumi ya wanke shi saura ɗan shuɗi.

"Ai kai ne mai jan layin," in ji mai gadin. "Wuce, suna nemanka."

Ya wuce.